Rasuwar Hungu, Jirgin da Katakon Kahiga Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar hagu a ɗaure, ni Gathogo wa Ndirangu, tsohon malamin kafinta a makarantar koyon sana'a ta Mukurwe-ini, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jirgin samana, Hungu. Ya cika ranar Asabar da hantsi a wata gonar alkama da ke hanyar Mweiga, a gaban jama'a masu yawa da shanun mai gonar. Ajali na Ubangiji ne, ba ma jayayya da shi. Amma sanadin yana da suna. Sunansa Kahiga, yana da shagon katako a Karatina, kuma ƙanin matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

An haifi marigayi a rumfar bayan gidana, inda a da matata Nyaguthii take shanya masara. Na fara shi a shekarar da na ajiye aiki, da niyyar kafin in mutu in ga gonar shayina daga sama, ko sau ɗaya ne. Na sa masa suna Hungu, wato shirwa a yarenmu, saboda ita kaɗai ce a unguwarmu take tashi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ya girma a hankali. Yaran da suka zo leƙensa yana haƙarƙari tsirara, wasunsu yanzu suna tuƙa babur suna da iyali.

Duk wanda ya san Hungu ya san ɗan asali ne, domin babu silin katako ɗaya a jikinsa da na ɗauka don kawai na same shi. Jirgi ba ɗakin kaji ba ne. Yana son itace mara nauyi, busasshe har zuciya, wanda jijiyarsa ta miƙe daga wannan kai zuwa wancan ba ta kauce ba, kuma babu ƙulli, wato gurbin da reshe ya taɓa fitowa, don nan ne katako yake karyewa. Itacen turare na ƙi shi, nauyi gare shi kuma yana murɗewa idan ya bushe. Jan itacen sida na ƙi shi, da kyau da ƙamshi amma tsagewa yake kamar rake. Itacen mukima kuwa, wanda kowa ya jera a bakin gonarsa, ko kallonsa ban yi ba. Mukima na bencin makaranta ne da shingen awaki.

Masu sayar da katako a Karatina sun san ni. Idan na shiga layinsu sai ka ji ana cewa, “Ga Mwalimu, malamin nan, da 'yar gudumarsa, ku ɓoye masu kyau, zai kwance mana tari ya sayi ƙwaya ɗaya.” Gaskiya suka faɗa. Nakan ƙwanƙwasa falanki in kara kunne. Mai lafiya yana amsawa da zaƙin murya, mai ruwa a ciki sai ya ce dum kamar cikin mai kumburi. Wanda ya ci wannan jarrabawa sai in yanko ɗan tsinke daga gefensa, in tafi da shi gida, in rataya masa bokiti ina zuba duwatsu har ya karye, sannan in duba yadda ya karye. Da haka na tara farin katakon da na yi haƙarƙarin fukafukai da gangar jiki.

Abin da ya gagara shi ne ƙashin bayan fiffike, doguwar azarar nan da take ɗauke da jirgi da mutumin da ke cikinsa. Na daɗe ina nema. Sai Allah ya sa aka tashi rushe tsohuwar cocinmu ta kan tudu don a gina ta dutse. A cikin rufinta na tarar da azara biyu na itacen podo, irin wanda yanzu ba a yarda a sare a dajin dutsen Kirinyaga ba. Sun girmi ubana. Sun sha hayaƙin fitila da waƙoƙin kakanninmu har sun bushe sun yi sauƙi, jijiyarsu a miƙe kamar an ja da zare, ba su da wani aibu sai ramukan tsofaffin ƙusoshi masu kusurwa huɗu a gefe ɗaya. Ranar da dattawan coci suka bar mini su, ni da kaina na riƙo kai ɗaya muka gangaro tudu, ban yarda an ɗora su a mota ba. Azara ta farko na gyara ta da hannuna, ta zama fiffiken dama. Wannan fiffiken yana nan da ransa, ko ƙwarzane babu.

Marigayi ya kasance mai ladabi da haƙuri. Ya zauna a rumfa damina da rani bai taɓa yin ƙorafi ba. Abokina Kingori makanike shi ya ba shi zuciya, injin wata tsohuwar mota Bitil da ya kwance ya wanke ya mayar. Idan aka juya farfela, Hungu yakan yi tari sau biyu, tuf, tuf, kamar dattijon da zai yi magana a taro, sannan ya ja dogon gurnani wanda ke korar kajin maƙwabta har rafi. Tayoyinsa na babur ne. Rigarsa kuma, wato yadin da ya rufe jikinsa, Nyaguthii ce ta ɗinka. Ta daɗe ba ta ko taka ƙofar rumfar, tana cewa na ƙwace mata wurin shanya na ba katako. Ranar da ta ga ina fama da allura a kan yadin fiffike, ta tsaya ta daɗe tana kallona.

“Baban Wangechi, matsa,” ta ce. “Ba don ina son wannan abu naka ba. Don kada a ce mijin Nyaguthii ya faɗo daga sama saboda ɗinkin banza.”

Ciwon ajalin ya shiga ne lokacin da yanar ido ta rufe mini gani. 'Yarmu Wangechi, wadda take aikin jinya a Nakuru, ta zo da kanta ta ce sai an kankare, kuma bayan aiki babu ni babu ƙurar katako sai likita ya yarda. A lokacin azara ta biyu tana kan benci, na ja mata layi da fensir, saura a goge ta a kai ta kauri, a rufe ta da siririn fallen katako na kanti ta zama kamar dogon akwati. Da yamma sai ga Kahiga ya zo gaishe ni. Ya ci mukimo, dakakken dankali da masara, girkin yayarsa, kwano biyu, ya sha shayi, ya zagaya rumfa yana shafa azarar da tafin hannu.

“Mwalimu, wannan ai aikin yini ɗaya ne a injina,” ya ce. “Ba ni ita. Kafin ka dawo daga Nakuru na goge na rufe na shafa mata mai. Kai dai ka je ka gyaro idonka.”

Na ce masa ba falankin gado ba ne, raina ne zai rataya a kanta.

“Haba suruki. Mijin Yaya guda? Idan na cuce ka, wa na cuta?”

Nyaguthii ta ce, “Ba shi mana. Ɗan uwana ne, a bayana ya girma.”

Aka ɗora azarar a akori-kurarsa, na lulluɓe ta da bargona.

Da na dawo, na tarar da ita a rumfa, a rufe ruf, ta sha man sheƙi tana walƙiya. Na ɗaga na ji ta ɗan yi nauyi. Na ƙwanƙwasa na ji muryar ta dushe. Na kira shi a waya a take. Ya yi dariya ya ce gam ne ya zuba da yawa don ƙarin ƙarfi, kuma falle yana danne amo, kowa ya sani. Na ce ya rantse ita ce azarar cocin. Ya rantse da kabarin mahaifiyarsu, yayarsa tana tsaye kusa da ni tana ji. Mutumin da ya rantse da kabarin uwarsa, ba ka sa zarto ka tsaga aikinsa don ka duba. Na ɗora haƙarƙari a kai, Nyaguthii ta ɗinke yadin, muka shafa fenti fari da ja.

Ranar Asabar ɗin gari ya waye tas, babu iska. Mun kai Hungu gonar a bayan babbar mota, muka haɗa fukafukansa a can. Mai gonar ya ba mu doguwar hanyar tarakta da ta ratsa tsakiyar alkama. Jama'a sun zo fiye da yadda na gayyata: 'yan cocinmu, tsofaffin ɗalibaina, masu babur, har da mata masu gasa masara da suka ji labarin taro. Kahiga ma ya zo. Ya ajiye motarsa can nesa wajen shinge, bai ƙaraso inda muke ba, kuma a bayan motar akwai sabuwar katifa. Na gani na ce a raina, Allah sarki, yaron nan yana da tunani.

Fasto ya yi addu'a. Kingori ya juya farfela. Hungu ya yi tarinsa, ya ja gurnani, ya fara gudu, tayoyi suna dukan ƙasa ina jin kowane rami a ƙashin bayana. Sai dukan ya ɗauke.

Ina so a rubuta wannan a tarihinsa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya faɗa a gabana: Hungu ya tashi. Ya wuce tsayin shinge, ya wuce tsayin bishiyoyin ƙaya da ke bakin gona. Na ga kawunan mutane sun zama ƙanana, na ga alkama tana kwanciya a ƙarƙashina. Na ɗaga sabon idona na ga dutsen Kirinyaga ya fito daga gajimare, fari a kansa, kamar ya matso ya ga wane ne. Hannuna yana kan sandar tuƙi, jirgi yana bin abin da na ce masa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin abin da na ji a wannan ɗan lokaci ba, kuma ba zan yi ƙoƙarin bayyana shi ga mutanen da suka zo cin masara ba.

Daga nan sai na ji ƙas daga hagu, irin ƙarar da ɗanyen reshe yake yi idan yaro ya rataya a kansa. Fiffiken ya naɗe sama. Hungu ya juya, ya yi wani dogon kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba, muka sauka cikin alkama da kafaɗa. Ya ɗauki mafi yawan dukan a jikinsa. Gangar jikin da na zaɓar masa ta farfashe sili-sili ta sha ƙarfin faɗuwar, shi ya sa ni nake rubuta sanarwarsa, ba wani ne yake rubuta tawa ba.

Kingori ne ya fara isowa yana haki, ya kashe mai, ya jawo ni waje. Ya ce kada in motsa. Na ce ya miƙo mini bakin azarar da ta karye. Ya miƙo. Ban ma buƙaci ido ba, hanci ya isa. Warin ɗanyen mukima ne. Na danna farce sai ga danshi. A daidai inda ta karye akwai ƙulli kamar dunƙulen hannu, an ƙwaƙule shi an cusa dusar katako da gam an shafe.

Sai ga motar Kahiga ta ratso alkama a guje. Ya diro ya sauke katifa yana ba da umarni a kama ni a hankali.

“An gode Allah, suruki, an gode Allah,” yana ta faɗi. “Dama shekarunka ba na tashi sama ba ne.”

Nyaguthii tana durƙushe a gefena, ta riƙe kaina. Ta dubi katakon da ke hannuna, ta dubi ƙaninta. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kahiga, me ya sa ka zo da katifa?”

Ya sunkuya yana gyara kusurwar katifar.

Ina kwance a asibiti ita ta shiga mota ta tafi Karatina. Kahiga ya buɗe sabon wurin gashin nama kusa da shagonsa, ana ta yabon dogon teburin da ke gaba inda ake yanka wa mutane nama. A nan ta tarar da azarar cocinmu. An yanka ta gida uku an jera an manne, ramukan ƙusoshin nan masu kusurwa huɗu suna gefe, sun cika da kitse. Da aka sallame ni ta kai ni na gani da idona. Wani saurayi yana sara haƙarƙarin akuya a kanta da adda. Itacen da ya saurari wa'azi tun kafin a haifi ubana, aka zuba masa gishiri da barkono.

Kahiga ya fito yana goge hannu da tawul, ya ce a kawo mana kujeru. Na ce a tsaye zan ji. Ya fara da cewa yaran shago ne suka rikita katako. Yayarsa ta dube shi kawai, sai ya sauya.

“To Mwalimu, mu faɗi gaskiya. Katako irin wannan, a ɓoye shi cikin yadi inda ba mai gani? Kuma wa ya san abin zai tashi? Duk garin nan babu wanda ya yarda zai ɗaga daga ƙasa. Na ɗauka za ka yi gudu a gona, ka ji daɗi, a tafa maka, mu koma gida.”

Karyewar kafaɗa ta yi mini zafi, amma ba kamar wannan maganar ba. Bai sace azarata don yana son in mutu ba. Ya sace ta ne don a wurinsa ni tsoho ne mai wasan yara, wanda za a iya ba shi kowane itace ya yi shiru. Katifar kuma ta ko-da-wani-abu ce.

“Ka rantse da kabarin Mama,” in ji Nyaguthii.

“Yaya, maganar gida ce. Kada mu tara wa kanmu jama'a.”

“Jama'a ka riga ka tara su a gonar alkama. Daga yau kada ka sake kirana Yaya a bainar mutane. Ka ce Maman Wangechi, kamar kowane baƙo.”

Bayan kwana kaɗan ya turo dattawa biyu na danginsu da ƙaton bunsuru, a yi sulhu. Na yi niyyar a kora su da bunsurun. Nyaguthii ta ce a'a, a ɗaure shi a turke, masu zuwa jana'iza za su buƙaci nama. Ta ba dattawan shayi ta ce su gaya wa wanda ya aiko su an karɓi akuya, ba a karɓi haƙuri ba.

Marigayi ya rasu ya bar ni, mahaifinsa. Ya bar Nyaguthii, wadda a ranar da aka kwaso gawarsa ta zauna a rumfa tana warware ɗinkinta da hannu, ba ta yarda an yage shi ba. Ya bar Kingori, wanda har yanzu yakan zo da safe ya juya farfelar da babu, ya tuna, ya zauna. Ya bar injinsa, da rai amma ya daina magana. Ya bar fiffiken dama, maraya, wanda ba za a sake samo masa ɗan uwa ba, domin cocin katako ta ƙare a ƙasar nan kuma dajin a rufe yake. Ya bar taya ɗaya. Ɗayar ta gangara rafi, wanda ya tsince ta ya riƙe, sadaka ce.

Muna roƙon Ubangiji ya karɓi Hungu a inda iska take da laushi. Shi kuma Kahiga, fasto ya ce in yi masa addu'a, to ga ta. Allah ya ba shi tsawon rai. Allah ya sa gara ta san hanyar shagonsa ta koya wa 'ya'yanta. Allah ya sa duk gadon da ya kwanta ya yi ƙara, duk tsanin da ya taka ya tuna da ni tun daga matakin farko. Fasto ya karanta ya ce ba irin wannan yake nufi ba. Na ce masa wadda ta fito ke nan.

Ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar kasuwar Karatina mai zuwa, da hantsi, lokacin da layin 'yan katako ya fi cika. Gawa za ta tashi daga gidana a buɗaɗɗiyar mota, a hankali, masu babur suna gaba, matan ƙungiyar cocinmu suna baya da waƙa, Nyaguthii ce za ta ja su. Za a tsaya a filin da ke daura da shagon Kahiga. Mai filin ya ba mu aro da murna, don shi ma rufin ɗakinsa ya lotsa kuma ya san inda ya sayi katakon. A nan za a shimfiɗa karyayyar azarar a kan tebur, ƙullin yana sama, kowa ya zo ya yi ban kwana, ya taɓa, ya shinshina. Ana gayyatar dukan kafintocin da na koyar, da masu ƙera akwatin gawa, da magina, da kwamitin kowace makaranta da coci da ke shirin yin rufi. Ba a karɓar furanni. Bayan jawabai za a ci githeri, wato dafaffiyar masara da wake, da naman bunsuru, sannan a koma da marigayi gida a binne shi a bakin gonar shayina, ta gefen da ke kallon dutse.

Kahiga, na san za a karanta maka wannan. Dattawan danginku sun yi alkawarin kawo ka, kuma a matsayinka na babban suruki an ware maka wuri a sahun gaba, inda kowa zai gan ka. Kujerar da za ka zauna ni na ƙera ta, da hannu ɗaya, daga ragowar katakon da ka saka mini a fiffike. Ta sha man sheƙi, ba a ganin komai. Kai mutum ne mai jiki, amma kada ka damu. Ka rantse katakon mai kyau ne. Ka zo ka zauna.